SHARHI: A Hau Sabuwar Windows Ko A Dakata?

Ran 14 ga Oktoba 2025 ne kamfanin nan na Amurka mai suna Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, watau babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ƙasar nan, tun daga ofisoshin gwamnati har zuwa 'yan shagunan buga takardu na bakin titi. Tun kafin ranar ta zo saƙo ya riƙa fitowa a fuskar kwamfutocin jama'a yana cewa lokaci ya yi da za a koma Windows 11. Saƙon nan bai tsallake shagunan 'yan Arewa mazauna Kudu ba. Ya shiga Agege da Idi-Araba da Obalande a Ikko, ya shiga Sabo ta Badun da ta Shagamu, ya shiga Ama Hausa a Owerri, har Fatakwal da Anacha. Duk inda wani ɗan Arewa ya kafa tebur yana buga wa mutane takardu, ko yana riƙe da lissafin wani Alhaji, to, tambayar nan ta iske shi: a hau sabuwar, ko a zauna a kan tsohuwar?

Mutane sun rabu biyu a kan wannan magana. Akwai samari masu ɗokin sabon abu, waɗanda da jin an ce sabuwa ta fito sai su saɓi kwamfuta su nufi wajen mai gyara, ba tare da sun tambayi ko injin nasu zai iya ɗaukarta ba. Akwai kuma manya masu cewa ai kwamfutar tana aikinta lafiya lau, me zai sa a tayar da zaune tsaye, kuma wannan duk dabara ce ta Turawa don a sayi sabon kaya. Kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa. Ra'ayin wannan shafi kuwa shi ne, wanda kwamfutarsa ta cika sharuɗɗan da aka gindaya, musamman in yana riƙe da kuɗin mutane ko takardunsu, lalle ya koma Windows 11 bayan ya yi shiri. Wanda tasa ba ta cika ba, kada ya yarda a cusa mata sabuwar da ƙarfin tsiya, kada kuma ya ci bashi don firgita. Akwai hanyoyin da zai bi.

Da farko ya kamata a fahimci abin da janye hannun nan ya ke nufi, gama wasu masu sayar da kaya suna tsorata mutane da shi. Kwamfutar da ke kan Windows 10 ba ta mutu ran 14 ga Oktoba ba. Tana tashi, tana buga takarda, tana shiga intanet yadda ta saba. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro na kyauta. A ranar Talata ta biyu ta kowane wata kamfanin ya kan aiko da gyare-gyare don toshe kafofin da aka gano a jikin manhajar, kafofin da ɓarayin zamani ke bi su shiga kwamfutar mutum daga nesa. Tun da Windows 10 ta fito ran 29 ga Yuli 2015 a ke yi mata wannan faci, shekara goma cur. Yanzu an daina, sai ga wanda ya shiga wani tsari na musamman da za a yi bayaninsa a gaba. Wani abin lura kuma, Windows 10 da Windows 11 'yan gida ɗaya ne, abubuwa da yawa na cikinsu iri ɗaya ne. Duk sa'ad da aka toshe wata kafa a sabuwar, masu kutse su kan duba facin su gane inda kafar ta ke, sa'an nan su juya su neme ta a tsohuwar, inda ba mai toshewa. Watau haɗarin ba ya zuwa rana ɗaya, ƙaruwa ya ke yi wata bayan wata.

In wani yana ganin wannan zancen Turawa ne kawai, to, ya tuna abin da ya faru ran 12 ga Mayu 2017. A ranar ce wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kamar 150. Tana shiga sai ta kulle duk takardun da ke ciki, ta ce a biya fansar dala 300 kafin ta buɗe. A Ingila ta afka wa asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita kusan sau 19,000. Abin takaici, tun cikin watan Maris na shekarar kamfanin ya riga ya fitar da facin da ke toshe wannan kafa. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa facin ba. To, in wanda aka aiko masa da faci bai sa ba ya sha wannan wahala, ina ga wanda ba za a ƙara aiko masa ba?

Mai karatu zai iya cewa shi ba asibiti ba ne, wa zai kula da 'yar kwamfutarsa a lungun Agege. Ai ɓarayin nan ba zaɓen mutum su ke yi ba, taru su ke jefawa, duk abin da ya kamo nasu ne. Kuma a duba abin da ke cikin kwamfutar mai shagon buga takardu. Akwai hotunan katin ɗan ƙasa na mutanen unguwa da lambobinsu, akwai takardun makaranta, da na neman fasfo, da na yarjejeniyar haya da ta sayen fili, akwai bayanan yaran da aka cika wa takardun jarrabawa. Ɗan canji yana da lissafin abokan cinikinsa da lambobin asusunsu na banki. Akawun dillalan shanu ko na albasa da tumatir a Mile 12 yana da sunan wanda ya biya da wanda a ke bi. Waɗannan duk amana ce, ba kayan mai kwamfutar ba ne shi kaɗai. Tun watan Yuni 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan wasu nauyin tsare su. Baƙo kuwa a garin mutane ya fi kowa sanin cewa in magana ta kai ofishin 'yan sanda, ba a cika sauraron uzurinsa da sauri ba.

Amma fa masu cewa a dakata ba daga sama suka samo maganarsu ba. Kamfanin nan ya sha fitar da kaya ɗanye. A farkon 2007 ya fito da Windows Vista, wadda ta yi wa kwamfutocin lokacin nauyi ƙwarai, firintoci da yawa suka ƙi aiki da ita, har mutane suka riƙa roƙo a mayar musu da Windows XP. A watan Oktoba 2012 ya fito da Windows 8, ya cire maɓallin farawa da kowa ya saba da shi, aka yi ta ƙorafi, sai da ya maido da shi a shekarar da ta biyo. Mafi muni shi ne na watan Oktoba 2018, lokacin da wani sabon zubi na Windows 10 ya share wa wasu mutane takardunsu, har tilas kamfanin ya janye shi bayan 'yan kwanaki, bai sake fito da shi ba sai tsakiyar Nuwamba. Saboda haka wanda ya ce ba ya hawan sabuwar manhaja a makon da ta fito, ya yi hankali, kuma ba mai ganin laifinsa.

Sai dai Windows 11 ta wuce wannan mataki. Ran 5 ga Oktoba 2021 ta fito, watau ta shekara huɗu a hannun jama'a kafin a janye daga tsohuwar. Inda dakatawa ta ke da amfani yanzu shi ne wajen zubin shekara-shekara. Kowace shekara, wajen watan Oktoba, a kan fito da sabon zubi, kamar wanda a ke kira 24H2 na 2024 da 25H2 na 2025. Da na 2024 ya fito, kamfanin da kansa ya hana shi isa ga wasu kwamfutoci na ɗan lokaci saboda ya ga yana rikici da wasu kayan cikinsu. Don haka mai shago bai kamata ya je ya jawo sabon zubi da hannunsa ba. Ya bari sai kwamfutar da kanta ta kawo masa, gama ba ta kan kawo ba sai an ga irin injinsa zai ɗauka. Kowane zubi yana da wa'adin wata 24 ga masu amfani na gida da ƙananan shaguna, saboda haka jinkirin wata biyu ko uku ba ya cutarwa.

Babbar matsalar tana wajen sharuɗɗa, kuma nan ne abin ya fi shafar mutanenmu na Kudu da na gida baki ɗaya. Hawa Windows 11 kyauta ne ga wanda ke da Windows 10 ta halal, amma ba kowace kwamfuta ce a ke bari ta hau ba. Ana bukatar ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4 ko fiye, da rumbun ajiya na gigabait 64 ko fiye, waɗannan kuwa yawancin kwamfutoci suna da su. Ana bukatar wani ɗan ƙaramin sashe na tsaro mai suna TPM 2.0, wanda ke ajiye makullan sirri a cikin injin. Sa'an nan ana bukatar furosesa, watau zuciyar injin, ta zama ta zamani: in ta kamfanin Intel ce, daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan na zubi na 7, in ta AMD ce, daga wasu na jerin Ryzen 2000 zuwa sama. Zubi na 8 na Intel kuwa a ƙarshen 2017 ya fara shiga kasuwa. Ke nan kusan duk kwamfutar da aka ƙera kafin wannan lokaci, komai ƙarfinta, komai kyawun jikinta, an rufe mata ƙofa.

To, wace irin kwamfuta ce ke hannun yawancin jama'a? Tokumbo ce, wadda wani ofis a Ingila ko Amurka ya gama mora ya sallama, aka cika kwantena da ita, ta sauka a Apapa, ta ƙare a Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba, daga nan kuma ta bi mota zuwa Kano da Kaduna da Maiduguri. Laftof irin su HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda suka cika shaguna, na zubi na 6 ne, ba sa cikin waɗanda aka yarda da su. Gane wannan kuwa ba wuya. Mutane sun saba tambayar mai sayarwa ko injin i5 ne ko i7, su tsaya nan. Wannan tambaya ba ta isa ba. Lambar da ke bin baya ita ce magana. In an rubuta i5-6300U, lambar farko 6 ce, zubi na 6 ke nan, bai cika sharaɗi ba. In an rubuta i5-8250U, zubi na 8 ne, ya cika. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko a ke dubawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7. Tsohuwar i7 ta zubi na 6 ba ta shiga, sabuwar i3 ta zubi na 8 tana shiga. Akwai kuma wata 'yar manhaja ta kyauta daga kamfanin, PC Health Check, wadda ke duba injin ta faɗi ko ya cancanta, in bai cancanta ba ta faɗi dalili. Wani lokaci ma sashen tsaron nan yana ciki, a kashe ya ke kawai, mai gyara na kirki zai kunna shi cikin 'yan mintoci.

Lalle a nan dole a faɗa wa kamfanin gaskiya. Ya ce ya sa sharuɗɗan ne don tsaro, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma kwamfutar da aka ƙera a 2016, wadda ke buga takarda da lissafi ba tare da gardama ba, ba gajiya ta yi ba, da alƙalami aka tsufar da ita. Wani kamfanin nazarin kasuwa mai suna Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kamar miliyan 240 ne wannan mataki zai iya mayarwa shara. Ba sai an yi duba ba a san inda kaso mai yawa na wannan shara zai nufa. Ofisoshin Turai suna sauke tsofaffin injinansu da araha, 'yan kasuwa suna kwasowa, a nan kuma a goge su a jera a ce sabon shigowa. Ga kuma halin da Naira ta shiga. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Abin da Bature zai ɗauka sauyin kayan ofis ne na yau da kullum, ga mai shago a Idi-Araba jarin shekara ne.

Wannan ƙunci shi ya buɗe wa wata sana'a kasuwa, kuma ita ce wannan shafi ya fi jan kunne a kanta. Akwai dabarun da masu gyara ke yi su tsallake binciken sharuɗɗan, su cusa Windows 11 a kan injin da bai cancanta ba. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, kuɗinsa kaɗan ne, kwamfutar kuma za ta tashi da sabuwar fuska, mai ita ya koma gida yana murna. Amma kamfanin ya faɗa a fili cewa injin da aka yi wa haka ba shi da tabbacin samun gyare-gyare, har da na tsaro. Abin da aka fi gani shi ne, facin wata-wata ya kan zo na ɗan lokaci, amma sabon zubin shekara ba ya zuwa da kansa. Da wa'adin zubin da ke kai ya ƙare, sai facin ya tsaya, mai kwamfutar kuwa bai sani ba, gama yana ganin sunan Windows 11 a fuskarta. Zubin 23H2, alal misali, wa'adinsa ya ƙare ran 11 ga Nuwamba 2025 ga masu amfani na gida da ƙananan shaguna. Wanda ke kan Windows 10 aƙalla ya san ƙofarsa a buɗe ta ke. Shi wannan yana barci ne da tunanin an kulle.

Haka kuma mai saye ya yi hattara da wannan dabara a kasuwa. Ganin Windows 11 a fuskar laftof a shago ba shaida ba ce cewa injin ya cancanta. A sa mai sayarwa ya buɗe wurin bayanin injin, a karanta lambar furosesa da ido, a kuma sa ya rubuta ta a kan rasit. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai ƙi ba, kuma suna da yawa a Ikeja da Alaba. Wanda ya fara kame-kame, a bar masa kayansa.

Akwai wata magana da ba a cika son faɗa ba, ita ce yawancin Windows da ke kan kwamfutocin shaguna ba ta halal ba ce. Mai gyara ne ya zuba ta daga filash ɗinsa, ya sa wata 'yar manhajar sata da ke ruɗin injin ya ɗauka an biya. Irin waɗannan manhajoji su ne hanya mafi sauƙi da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga, domin kafin a sa su sai an kashe mai gadin kwamfutar tukuna. Abin ban dariya, yawancin laftof na ofis da a ke kawowa tokumbo suna zuwa da lasisinsu na asali a binne cikin injin, in aka zuba irin Windows da ta dace da shi da kanta za ta karɓa, ba sai an saci komai ba. Rashin sani ne ke sa a biya kuɗi a sayo wa kai cuta.

Ga wanda injinsa bai cancanta ba, kamfanin ya buɗe wata ƙofa ta wucin gadi, watau tsarin ƙarin facin tsaro na Windows 10. Ga mutum mai zaman kansa, wa'adin da aka sanar shi ne shekara ɗaya, zuwa 13 ga Oktoba 2026. Hanyoyin shiga uku aka bayar: a biya dala 30, ko a ba da maki 1,000 na tsarin ladan kamfanin, ko a shiga kyauta in mutum ya yarda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Sharaɗi shi ne kwamfutar ta kasance a kan zubin ƙarshe na Windows 10, mai suna 22H2. Ga kamfanoni kuwa dala 61 ne kowane inji a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, iyakarsa shekara uku. A ƙasashen Tarayyar Turai ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye sun matsa wa kamfanin lamba a 2025 har ya sassauta sharuɗɗan shiga kyauta ga mutanensu. Su da ke da kuɗin sayen sabon inji su suka sami sassauci, domin suna da masu yi musu magana. Wannan abin dubawa ne ga hukumar kare masu saye ta Tarayya da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa.

Shi ƙarin wa'adin nan numfashi ne kawai, amfaninsa mutum ya tara kuɗi a tsanake. Bayan ya ƙare, sauran manhajoji ma za su riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. An ga haka da Windows 7, wadda aka janye daga gare ta ran 14 ga Janairu 2020, a farkon 2023 kuma manhajar shiga intanet ta Chrome ta daina yi mata sabon zubi. Office 2016 da Office 2019, waɗanda a ke buga wasiƙu da lissafi da su a kusan kowane shago, su ma ran 14 ga Oktoba 2025 aka daina yi musu faci. Tsohon inji dai bai zama na zubarwa ba. In aikinsa buga takarda ne da zane, a cire shi daga intanet gaba ɗaya, a kula da filash ɗin da baƙi ke kawowa, zai yi shekaru yana aiki. In kuwa aikinsa shiga intanet ne da rubutu, akwai manyan manhajoji na kyauta irin su Linux Mint da Ubuntu, waɗanda ke tafiya lafiya a kan tsofaffin injina, kuma ana yi musu faci. Sai dai a sani, CorelDraw da masu zanen katin biki da kalanda suka dogara da ita ba a yi ta don Linux ba, wasu firintoci da na'urorin ɗaukar zanen yatsa ma ba sa jituwa da ita. Ɗalibi ko malamin makaranta zai ji daɗinta fiye da mai shagon ɗab'i. Abu ɗaya da bai kamata a yi da injin da ba shi da faci ba shi ne harkar banki.

Wanda injinsa ya cancanta kuma, kada ya hau da ka. Kafin komai ya kwafe duk takardunsa zuwa wani faifai na waje, ya buɗe kwafin a wata kwamfuta ya tabbata yana buɗuwa, gama mutane da yawa sai ranar asara su ke gane filash ɗin da suka dogara da shi na jabu ne. Ya bincika ko firintarsa da sikana da manhajar lissafinsa suna aiki da sabuwar. In shagon yana da inji fiye da ɗaya, a fara da ɗaya, a yi mako ana gwadawa. Kada a yi aikin a lokacin rajistar jarrabawa ko jajibirin salla, sa'ad da layi ya ke har waje. A tanadi wuta, domin ɗaukewar lantarki a tsakiyar aikin tana iya barin injin ba tsohuwa ba sabuwa. A tanadi data, domin abin da za a sauke ya haura gigabait 5, kuɗin data kuwa ya tashi tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025. In bayan an hau aka ga wani abu ya ƙi, akwai kwana 10 da a ke iya komawa tsohuwar ba tare da asarar takardu ba. Bayan kwana 10 wannan hanya ta rufe.

Saura magana ɗaya da ta fi duk waɗannan haɗari, ga shi kuwa ba a cika ambatonta ba. Windows 11 tana neman a shiga da asusun Microsoft lokacin da a ke saita ta daga farko. Tun daga zubin 24H2 kuma, in aka zuba ta sabuwa fil aka shiga da asusu, a kan injina da yawa ta kan kulle rumbun ajiya da kanta ta hanyar sirri, ta ajiye makullin buɗewa, mai lambobi 48, a cikin wannan asusu. Wannan kariya ce mai kyau in an sace laftof. Amma a duba yadda a ke yi a kasuwa. Alhaji ya aiki yaro da kwamfuta, mai gyara yana sauri, sai ya shiga da nasa asusun, ko ya ƙirƙiro wani nan take da lambar sirrin da shi kansa zai manta kafin magariba. Ran da injin ya sami matsala ya nemi makullin, mai shi ba shi da shi, mai gyaran kuwa wataƙila ya tashi daga rumfar. Ba wani injiniya a Ikeja da zai iya buɗe wannan rumbu ba tare da makullin ba, kamfanin ma ba zai iya ba. Lissafin shekaru ya tafi ke nan. Saboda haka mai kwamfuta ya tsaya da kansa, ko ɗansa da ya amince da shi, a buɗe asusun da imel ɗinsa da lambar wayarsa, a kwafe lambobin nan 48 a takarda a ajiye inda a ke ajiye takardun fili.

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya ɗaya, kuma 'yan Arewa a Kudu suna da abin da wasu ba su da shi, watau shugabanci a kowace unguwa da kowace kasuwa. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan canji da na dillalai da na ɗaliban Arewa a jami'o'in Ikko da Badun da Fatakwal suna iya haɗa kai su ware rana ɗaya, bayan sallar Juma'a ko ran Lahadi, a kawo kwamfutoci harabar masallaci ko ofishin ƙungiya. Ɗalibai biyu ko uku da suka san aikin sun isa su duba injina masu yawa a yini ɗaya, su raba waɗanda suka cancanta da waɗanda ba su cancanta ba. A sauke manhajar sau ɗaya a filash ɗaya daga shafin kamfanin na asali, kowa ya amfana, maimakon kowa ya ƙona datarsa. Waɗanda tilas sai sun sake inji su shiga adashi, su aiki mutum ɗaya da ya iya karanta lambar furosesa ya sayo musu a dunƙule, gama farashin guda goma ba ɗaya ba ne da na guda ɗaya. Masu aika kwamfuta gida kuma, don ƙane da ke makaranta ko don shagon da aka buɗe wa iyali a Kano ko Sakkwato, su duba lambar nan tun a Ikeja kafin a ɗora kayan a mota, domin in ta isa can ba mai dawo da ita.